Saniya Mai Ƙafa Uku

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ina ɗan shekara huɗu a gidanmu na Nahuce, kakata Inna Tumba ta zaunar da ni gindin rumbu bayan la'asar, ta kwaɓa yumɓu. Har yau ina jin ƙanshinsa, kamar ƙasar da ta sha ruwan fari.

Lokacin idanunta sun yi rauni, da lalube take komai. Ta kama hannuna, muka murza tozo, muka ja ƙaho, ta miƙo mini saniya.

Na duba ƙafafun, na fashe da dariya. "Inna ba ta gani! Ƙafa uku ta yi!" Na ruga na nuna wa matan gida, su ma suka dara.

Da na dawo tana nan zaune, da ɗan curin yumɓu a tafinta.

"Ta huɗun taka ce, maigidana," ta ce a hankali. "Na bar maka ka liƙa da kanka."

Ban karɓa ba, wasa ya ɗauke ni waje. Ga shi na tsufa, har yanzu ban san tsawon lokacin da ta yi tana jirana ba.