Gemun Oga

Na'urar da ke karanta wa makafi allo ta fara magana, ofis ya yi tsit. Mai gina shafin yana tsaye yana share gumi. Wata uku ya yi yana gyara shafin kamfanin don makafi su iya amfani da shi, kuma Oga ya ce gwajin yau ne zai nuna ko zai ci gaba da aiki.

Matar da Oga ya kawo don gwajin makauniya ce, yatsunta sai gudu suke a kan madannai. Ta bi ko'ina lafiya har ta iso hoton Oga. Nan gaban mai gina shafin ya faɗi. Kowane hoto yana da ɓoyayyen bayani wanda ido ba ya gani, sai na'ura ke karantawa. Na wannan hoton da wasa ya rubuta shi, ya manta bai canza ba.

"Oga," in ji na'urar, "yana murmushin dole, gemu fari fat."

Oga ya yi gyaran murya. "Kuskure ne, yanzu za a goge."

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji matar, tana danne dariya. Ta juyo wajen mai gina shafin. "Ɗana, ka ci gwaji, sauran hotunan ma haka za ka yi musu. Shekara goma mijin nan nawa yana rantse min babu furfura ko ɗaya a gemunsa."