Atamfar da Mama Ta Mayar

Ana gobe zaɓe, da yamma, Baba Bulus, dattijon cocinmu a Haɗejiya, ya shigo gidanmu da turmin atamfa. Ya ce ɗan takara ne ya aiko wa matan zumunta. Na rungume turmin ina shaƙar ƙamshin sabon yadi, don zannuwan Mama duk sun koɗe.

Mama tana gyaran kifi. Ta wanke hannu, ta karɓi turmin, ta miƙa masa.

"Baba, ka yi haƙuri. Hannun da zan dangwala da shi gobe, shi zan ɗaga wa Yesu jibi a coci."

Ya fita ba sallama, ni kuwa na yi ta kuka. Yau ina kewarta ƙwarai, kuma har ta rasu ba ta faɗa mini wanda ta zaɓa ba.