Kashi na Uku a Rumbun Kubura

Da ɗalibai suka watse daga gindin gawo, Kubura kaɗai ta rage, tsugune gaban tsakuwoyinta. Ibrah, tsohon sojan Faransa mai koya wa manya lissafi, ya zo ya tsaya kusa da ita. Ranar kasuwa zai hau mota zuwa Yamai neman aikin gadi. Ba shi da gona a nan Filingue, shi ya sa bai taɓa iya buɗe baki ya ce yana son bazawarar nan ba.

Aikin da ya ba ta shi ne, kowace tsakuwa damin hatsi ce cikin rumbunta, ta raba su tsakaninta da ɗiyarta, wata-wata har kaka.

Ya dubi ƙasa. "Kubura, kin yi kure. Ku biyu ne, ga shi kin yi kashi uku."

"Ƙirga dai, Malam."

Ya tsuguna yana bin layukan da yatsa. Kowane wata ya sami rabonsa, babu inda ya gaza. Matar da ta zo masa da hawaye a bara, hatsinta ya ƙare tun kafin ruwan shuka, ita ce ta tsara wannan da kanta.

"Ikon Allah! Ya kai har kaka," ya ce a hankali. "To, na ukun na wa?"

Ta gyara mayafi, ba ta ɗago ido ba. Ta sa hannu ta turo tsakuwoyin layi na uku har bakin ƙafarsa.

"In tafiya za ka yi, Malam, koya mini yadda zan maido su kashi biyu tukuna. Ni dai na gwada, na kasa."