Ranar da Manyan Karnuka Suka Bar wa Gajere Kwano

Ina aji uku Baba ya kawo ɗan kwikwiyo gonarmu ta bayan Rigasa, inda manyan karnuka biyu ke gadin awaki. Muka sa masa Gajere. Fitinanne ne, ya ja wutsiyar wannan, ya tsoma baki a kwanon wancan, su kuwa kullum sai sun kai shi ƙasa da gurnani.

Wata Asabar da la'asar ina karatu a gindin mangwaro, Baba ya zuba musu tuwo. Gajere ya nufo kwanon yana tangaɗi, yawu na dalala daga bakinsa. Manyan suka tashi shiru, suka koma bayan rumbu.

Baba ya daɗe yana kallonsu.

"Sun daina yi masa faɗa," in ji shi a hankali. Sai ya juyo. "Ya cije ka?"

"Wasa ne, Baba. Shekaranjiya."

Ya kama hannuna ya juya. Sawun haƙora biyu ne ƙanana, har sun fara bushewa. Lokacin ban san haukan kare ba. Sanyin yatsun Baba kawai na ji, kuma sai da na haihu na gane abin da ke sanyaya hannun uba haka.

"Rufe littafin nan," ya ce. "Asibiti za mu."