Kwastoman Farko na Reshen Gyaɗi-Gyaɗi

Safiyyah sai rawar jiki take. Watanta guda da zama manajar banki a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, ga shi ana bikin cikar reshen shekara arba'in. Manyanta sun zo daga Legas, 'yan jarida sun kafa kyamara. Ita ta kawo shawarar a karrama Baba Ƙasimu, wani dattijo da kullum ake gani a reshen.

"Tun ranar da aka buɗe ƙofar nan yake zuwa," ta faɗa a lasifika, baki har kunne. "Lokacin da iyayenmu ke binne kuɗi a tukunya, shi ya yarda da banki!"

Wuri ya kaure da tafi. Baba ya miƙe yana gyara babbar riga, har da ɗaga sanda.

Ta russuna. "Baba, faɗi lambar asusunka a tura maka kyautarka, kowa ya shaida."

"Wane asusu, 'yar nan?"

"Na bankinmu mana!"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai ni dillalin gidaje ne. Nan nake ganawa da masu saye. Ga kujera, ga sanyi, ba kuɗin haya. Amma in ba ku kuɗina? Allah ya kiyaye! Suna can cikin tukunya."