Mai Kama Makarata

Ranar kasuwa na je shagon Asabe mai waya in kira jikana Ɗanliti, wanda ke aiki a jirgin da ke kewaya duniyar wata. Tunda aka ce wanda ya daɗe a sama ba ya saukowa sai likita ya yarda, ban sa shi a ido ba.

Na ce, "Maigida, sakina ka yi ban sani ba?"

Ya yi dariya. "Ke tsohuwa, wa zai kwashe ki?"

"Turawan nan uku da suka fara zuwa, kewayawa kawai suka yi suka koma wurin matansu. Kai ka je ka tare. To na sayi likkafanina. Kai nake so ka kama makarata ta gaba."

Ya ce, "Kaka, ƙashina ya yi laushi. In na sauko, ko buta ba zan iya ɗagawa ba."

Sai wayar ta ɗauke. Asabe ta ce sun shiga bayan wata ne, in jira, za su fito.

Na ce ta bar shi. Na biya ta gidan Tanimu mahauci, na duba kafaɗun 'ya'yansa.