Wanda Ke Zuba Mai a Fitilar Evdokiya

Ranar da aka buɗe sabon titin da ya kewaye gari, mu mutanen Kato Vrisi muka yi barcin rana karo na farko cikin shekara talatin. Babu gurnanin manyan motoci, babu kukan birki a kwanar gada. Ba kewaye mu kaɗai aka yi ba, har bakin tsohuwar hanya aka toshe da tubalan kankare, aka bar mana wata 'yar siririya ta bayan coci. Duk wanda ya shigo yanzu, gidansa ya nufa, kuma gidajen goma sha huɗu ne kacal.

Kowa ya yi murna ban da Stamatiya.

A kwanar gadar akwai ɗan akwatin ƙarfe mai siffar coci a kan sanda, irin wanda muke kafawa inda hanya ta ci rai. Cikinsa hoton 'yarta Evdokiya ne da fitilar man zaitun. Shekara goma sha takwas ke nan, wata safiya mai hazo, yarinyar ta fita tarar motar makaranta, wani ya buge ta ya yi gaba. 'Yan sanda suka ce aikin direban babbar mota ne. To ɗari biyar ke wucewa a rana, wa za a kama?

Kullum da yamma Stamatiya ke kunna fitilar. Amma tun daga arba'in ɗin yarinyar, duk safiyar Asabar sai ta tarar an cika ta da mai, an gyara lagwani, an goge gilashi. Ta tambayi fada, limamin cocinmu, ta tambayi maƙwabta, kowa ya rantse ba shi ba ne.

"Wanda ya kashe ta ne," in ji ta. "Zuciyarsa ke cinsa. Duk Asabar yake biyowa ta nan da kaya."

Sau nawa ta laɓe cikin itatuwan zaitun don ta ga fuskarsa! Mijinta Anargiros, bawan Allah, shi ke dafa mata kofi, ya yafa mata bargo, ya ce ta yi hankali da sanyi. Amma duk ranar da ta laɓe, mutumin ba ya zuwa. Kai ka ce ƙamshinta yake ji.

Shi Anargiros ko kallon kwanar ba ya iya yi. Tun bayan jana'iza ya sayar da a-kori-kurarsa ya koma kiwon awaki, ya zama mutum marar magana. Sai da aka zo toshe hanyar muka sake jin muryarsa. Ya buga tebur a shagon kofi, ya ce duk wanda ya rufe hanyar nan bai san abin da ya yi wa gidansa ba. Muka tausaya masa. Mun san matarsa don jiran direban nan kawai take raye.

Asabar ta farko bayan rufewar, fitilar ta wayi gari a bushe. Ta biyu ma haka. Stamatiya ta zauna a tsakiyar kwalta, inda ciyawa ta fara leƙowa, ta yi kuka kamar ranar aka yi mutuwar. Yanzu direban yana can sama kan sabon titi yana wucewa a guje, ba za ta taɓa sanin ko waye ba.

Asabar ta uku ta tarar da fitilar cike taf, tana ci.

"Ke Stamatiya, rufa mana asiri, ki daina zuwa wurin nan," in ji maƙwabciyarta Marigo, tana yin alamar gicciye. "Tun da aka toshe hanya ko keke bai bi ta kwanar ba. Yarinyar ce da kanta."

"Ke dai tsufa ya cinye miki kai. Matattu na sayen mai ne?"

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma jikinta ya yi sanyi. Idan baƙo ba ya iya biyowa, to mai zuba man ba baƙo ba ne. Shekara goma sha takwas tana zagin mutumin nesa, ashe yana cikin masu ce mata ina kwana. Ranar Lahadi a coci ta bi hannuwan mazan ƙauyen da kallo ɗaya bayan ɗaya, har da na fada.

Wannan karon ko mijinta ba ta gaya wa ba. Ta san akwai bindigar farauta a bayan ƙofa, kuma ba ta so ya ƙare rayuwarsa a kurkuku. Ranar Juma'a ta ce masa za ta kwana biyu wurin ƙanwarta a birni, ta tafi. Asabar da asuba ta hau motar farko ta dawo, ta sauka a bakin sabon titi, ta gangaro ta cikin gonaki da wuƙar sassabe a aljihunta.

Hazo ya lulluɓe gadar. Can sama motoci na wucewa, ƙararsu ƙasa-ƙasa. Ta durƙusa a bayan wani kututture.

Ba mota ta ji ba, takun ƙafa ta ji. Wani mutum ya fito daga hazon da kwalba a hannu, ya buɗe akwatin, ya tsiyaya mai a hankali, ya goge hoton da hannun riga. Sannan ya kifa goshinsa a kan ƙarfen.

"Na so in daina zuwa, Evdokiya, na kasa," ya ce cikin raɗa. "Ban gan ki ba. Na rantse ban gan ki ba."

Stamatiya ta miƙe da wuƙar a hannu, ta yi taku uku, ta tsaya cak. Rigar sanyin da ke jikin mutumin, ita ta saƙa wa mijinta da hannunta.